Soca ko Bosniya: ina ya kamata ɗan Jidda ya fara jefa fatsar ƙuda?

Salamu alaikum 'yan uwa. Duk sanda hutun saifi ya matso sai maganar nan ta sake tasowa a majalisa, musamman daga samarin mu masu zuwa Abhur da Kornish da fatsa ran Juma'a da la'asar, kowa ya gama kallon bidiyon mutum tsaye cikin wani kogi kore shar a tsakanin duwatsu yana wulwula zare a sama, sai a zo ana ce min wai Kawu ina yafi ne, Sulobeniya ko Bosniya? Toh a gajarce dai, wanda bai taɓa yi ba, kuma ijazarsa a Yuli ko Agusta take, ga uwargida ga yara, ya nufi Bosniya. Wanda hannunsa ya riga ya faɗa, yana da bizar Shengen ta shiga Turai a fasfo, kuma zai iya ɗaga tafiyar zuwa Satumba, wannan Soca ce tasa, wato kogin Sulobeniya. Amma tunda kuɗi ne masu ciwo mutum zai fitar, gara in baje dalilan kowa ya auna da kansa.

Da farko sai mun fahimci juna akan abin da ake zuwa yi, don ba irin fatsar mu bace sam. Mu nan dalma muke ɗaurawa, mu soka rubiyan ko habbar a ƙugiya, mu cilla can nesa, mu kafa sanda mu zauna muna kurɓar shayi har shu'ur ko hamur ya ja. Can babu dalma babu koto mai ƙarni. Wata 'yar mitsitsiyar ƙugiya ce ake naɗe ta da gashin tsuntsu da zare har ta fito da siffar ƙwaro, ba ta da nauyin da za a cilla ta, don haka zaren ne mai kauri da nauyi, shi kake kaɗawa gaba da baya har ya miƙe ya ɗauki ƙudan ya ajiye maka shi a hankali inda kake so. Kuma ba zama ake ba, wuni ake ana takawa cikin ruwa, idonka na neman kifin kafin ma ka jefa. Kifayen can, tirawut da lipan, yawancin abincinsu ƙwarin da ke girma a ƙarƙashin duwatsun kogi ne, in lokacin tashin ƙwarin nan yayi zakaga saman ruwa ya rikice ko'ina baki na fitowa yana cafka, irin yadda kaji da ƙadangaru ke rikicewa a gida daren da shinge ya fito bayan ruwan farko. Saboda wannan awa ɗaya ko biyun ake biyan kuɗin jirgi.

Kar kuma wani yace ai ga Abha ga Suda, me zai kaimu Turai. Duwatsun Asir sun kai wajen mita 3,000, sanyi kam akwai, amma kogi mai gudu shekara ta zagayo babu, shi kuwa tirawut da ruwa ya haura digiri 20 ya shiga wahala, yafi sakewa tsakanin 10 da 16. Don haka fita dole ce.

Abin da ya raba wuraren nan biyu a gaskiya ba kyau bane, ba kuma farashi ba, daga ina ruwan yake fitowa, nan maganar take, kuma nan ne yawancin masu yankar tikiti basa dubawa. Soca daga kwarin Trenta take tasowa cikin duwatsun Juliyan Alps, yankin da dutsen Triglav mai tsayin mita 2,864 yake, ta yi tafiyar kilomita 138, ta ratsa cikin Italiya ta zube a tekun Adriyatik. Ƙanƙarar da ta taru a kan duwatsu da hunturu da kuma ruwan sama su ke juya ta yadda suka ga dama. Wajen Mayu zuwa farkon Yuni in ƙanƙara ta kama narkewa kogin cika yake yayi ƙarfi yayi dishi-dishi, wuraren da ake tsayawa duk su nutse. Sannan yankin Bovec, wani gari a saman kogin, yana cikin wuraren da suka fi ko'ina shan ruwan sama a ƙasar, in aka kwana ana tafkawa toh washegari sai dai ka tsaya a gada kana kallo, mutumin da kwana huɗu ko biyar kawai ya ware wa kamun kifi kaga an cinye masa rabi kenan. Abin da ke ceton mutum shine ƙananan kogunan da ke zubowa cikinta, su Lepena, Koritnica, Tolminka, Baca da Idrijca, ba duka suke ɓaci lokaci ɗaya ba, ɗan jagoran da ya san aikinsa zai ɗauke ka a mota ya kai ka wanda ya riga ya washe. Amma fa ba kowane lasisi ne ya haɗa duka ba, sai ka duba wanda ka saya ina da ina ya ƙunsa.

In Yuli da Agusta suka shigo kuma matsalar sai ta juye. Ruwa ya ja baya, yayi garau har tsakuwar ƙasa kana ƙirgawa, kifin ya hango ka tun kana nesa, ga kuma masu kwale-kwalen roba da ke gangarowa daga Bovec ayari bayan ayari tun hantsi har la'asar suna ihu, don garin da wannan sana'ar yake ci. Ana kamu, ba wai ba a yi ba, amma sai da sassafe ko dab da magariba. Satumba ce ke gyara komai, 'yan yawon buɗe ido sun watse, ruwa ya huce, kifi ya fara neman ci kafin sanyi. Toh ga inda gizo ke saƙar, makarantun Saudiyya ƙarshen Agusta suke komawa, mai 'ya'ya a makaranta Satumba ba tasa bace sai dai in shi kaɗai zai sulale.

Bosniya kuwa, in za a bi diddigi ba cikin Alps take ba, duwatsun Dinarik ne, dutsen farar ƙasa mai ramuka da koguna ta ciki. Ruwan sama baya gudu a kansa, nutsewa yake ya bi ta ƙarƙashin ƙasa ya jima yana tacewa, sannan ya ɓullo a gindin dutse ba a matsayin ɗan idon ruwa ba, kogi ne cikakke yake fitowa lokaci guda. Ribnik haka yake, tsawonsa duka bai wuce kilomita 6 ba kafin ya shige cikin kogin Sana, Pliva ma da ke tasowa ta sama da garin Shipovo haka take. Amfanin wannan ga ɗan Jidda shine sanyin ruwan kusan ɗaya ne rani da damina, a kusa da mafari bai cika wuce digiri 10 ba, a tsakiyar Agusta da rana ke dukan Sarayebo kifin Ribnik na nan yana kiwo abinsa, kuma ko anyi ruwan sama ba kasafai yake dagulewa ba, in ma ya dagule baya jimawa. Wato a watannin da mu muke da hutu, ruwan Bosniya yafi cika alkawari. Wannan shine babban dalilina, sauran duk ƙari ne.

Yanzu kifin. Anan kam Soca tana da abin da Bosniya ta arewa ba zata nuna maka ba, wato marmorata, wani tirawut mai zane a jiki kamar an yi masa rubutun tsutsa daga kai har wutsiya, babu shi sai a kogunan da ke zuba cikin Adriyatik, kuma yana iya wuce kilo 20 in ya tsufa. Labarinsa ma abin ji ne. A 1906 aka fara zuba jan tirawut mai ɗigo-ɗigo daga wani wuri cikin yankin, suka yi ta barbara da na gida har tsantsar marmorata ya kusa ɓacewa, sai a wasu 'yan ƙoramu can sama irin su Zadlascica da magangarar ruwa ta tare hanya baƙon bai iya hawa ba, nan aka tarar da ragowar na asali, daga su aka ɗebi iri ana ƙyanƙyasa ana mayarwa, a 1996 aka hana zuba baƙon kwata-kwata, ƙungiyar masunta ta Tolmin tayi aiki sosai akan wannan. Shi yasa in ka ga tsaurin dokarsu da tsadar lasisinsu bazaka ji haushi sosai ba. Amma in gaya maka gaskiya ƙanena, babban marmorata ba kifin ɗan koyo bane. Kifaye yake ci, kwanciya yake a ƙarƙashin manyan duwatsu cikin zurfi, sai gari yayi duhu-duhu ko ruwa ya ɗan dagule yake motsi, gogaggu ma suna yin sati basu taɓa na kirki ba. Abin da sabon zuwa yafi kamawa a Soca shine tirawut mai jan layi a gefe, wanda asalinsa daga Amurka aka kawo ana zubawa, shi bai da wayo sosai kuma yana da faɗa, yana tsalle yana jan zare, daɗi kam akwai, sai dai ba dominsa ka baro Jidda ba don ana samunsa a ƙasashe da yawa.

Ribnik da Pliva gidan lipan ne, kifi mai launin azurfa da wata doguwar tuta a gadon baya mai ɗigon ja da shuɗi, ga jan tirawut ɗan asalin wurin. Yawansu a Ribnik sai ka gani da ido, zaka tsaya ga su nan jere a gabanka taku biyar, basa ma gudu. Kar ka ɗauka banza ta faɗi. Kifayen nan kullum ana jefa musu ƙudan bogi daga ko'ina a duniya, sun gama haddace su, sai lipan ya taso har hancinsa ya kusa taɓa ƙudanka ya tsaya ya duba ya koma ƙasa abinsa, wallahi har sai kaji kamar da gangan yake maka. Dole ka sauko kan ƙugiya lamba 18 ko 20 ko ma wadda ta fi su ƙanƙanta, da siririn zaren gaba wajen milimita 0.10 zuwa 0.12, kuma ƙudan ya gangaro daidai da gudun ruwa, da zaren ya ɗan ja shi ya karkace shikenan an gane ka. Toh me yasa nake cewa yafi wa ɗan koyo? Saboda kana ganin kifin, kana ganin abin da ya ƙi da abin da ya karɓa, a wuni ɗaya zaka samu damar gwaji fiye da yadda zaka samu a kwana uku a babban kogi, hannu anan yake faɗawa. Pliva tafi wuya, tafi zurfi, ruwanta garau ne ƙwarai, tana son jifa mai nisa, ita a bar ta sai kwanakin ƙarshe.

Akwai kuma Una ta wajen Bihac, babban kogi mai faɗi da matattakalar duwatsu da ruwa ke zubowa a kai, tun 2008 aka mayar da saman ta gandun da gwamnati ke karewa, ƙauyukan Kulen Vakuf da Martin Brod nan masu fatsa ke sauka, a Martin Brod ɗin ne Unac ke haɗuwa da ita. A Una da Sana akwai wani ƙaton dangin tirawut da suke kira mladica, yana wuce mita guda, amma da hunturu ake nemansa ba da saifi ba, kar wani ya ruɗe ka da hotonsa. Wanda kuma baya son nisa da Sarayebo akwai saman Neretva ta wajen Konjic. Don kar ace ina fifita wani, duka ƙasashen biyu sun karɓi gasar duniya ta wannan fatsar, Sulobeniya a 2012, Bosniya a 2015 a garin Jajce, babu na yarwa a cikinsu.

Maganar tsayuwa cikin ruwa, wannan ina so a saurara da kyau don da yawan mu iyon mu na bakin Kornish ne. Ribnik yawancinsa gwiwa zuwa cinya ne, ƙasansa tsakuwa da ciyawar ruwa, dattijo ma zai taka a hankali. Soca kuwa tsabar haskenta yaudara ce, inda ka zata ƙugu ne sai ka tarar ya shanye mutum, duwatsun manya ne masu santsi, ruwan na da ƙarfi ga sanyi mai ɗauke numfashi, in ka faɗi wandon ruwan nan mai kaiwa ƙirji ya cika toh tashi sai Allah. Bel ɗin da ake ɗaurawa a ƙugu akan wandon ba ado bane, a matse shi, a riƙe sandar dogarawa, kuma kar a tsallaka inda ɗan jagora bai ce ba. Una ma a wannan fannin 'yar uwar Soca ce, ba a yi mata garaje.

Sai doka, kuma nan ne mutanen mu ke shan mamaki. Ko'ina cikin biyun lasisin yini ake saya, na wani yanki takamaimai na kogin, daga gada kaza zuwa gada kaza, masu gadi na zagayawa suna dubawa. A yawancin wuraren da na lissafa ƙudan bogi kawai aka yarda, tana ko burodi ko rubiyan laifi ne, kuma ƙayar ƙugiyar nan da ke hana ta fita sai an danne ta da filaya. Babbar maganar, mafi yawan wuraren masu kyau kamawa ake a saki. Ka jiƙa hannu, ka cire ƙugiya yana cikin koma, hoto ɗaya da sauri, ka mayar. Wanda yake lissafin zai ciko kula ya dawo a yi sayadiya a gida gara ya ajiye kuɗinsa ya tafi Bangala, kasuwar kifin Jidda, da asuba ya sayi najil. Na san akwai dattawan mu da abin baya kwanta musu, suna ganin wahalar da dabba ne ba don ci ba, kuma ban raina wannan ra'ayin ba, mai jin haka ya tambaya tun kafin ya biya, don akwai lasisin da ke bada damar ɗaukar kifi ƙididdigagge a wasu yankunan. Abin dariya ma Siwizalan nasu a juye yake, tun 2008 dokarsu ta hana mutum ya jefa fatsa da niyyar saki. In cin ne ya dame ka kuwa, gidajen abinci na bakin kogi a Bosniya duk suna gasa na kiwo, a takardar abinci pastrmka zaka nema.

Kuɗi, bazan tsaya dogon lissafi ba don farashi na canzawa duk kaka. Sulobeniya yuro take ci tun 2007, lasisi, masauki, ɗan jagora, hayar mota, komai da tsadar Turai. Bosniya mark suke kashewa, kusan mark 2 a yuro 1, kuma a kowane ɗaya cikin abubuwan nan huɗu zaka ji sauƙi, ga gidajen katako na haya a bakin kogi da iyali guda zasu shige su dafa abincinsu. A ƙauyukan a riƙe tsabar kuɗi, ba ko'ina kati ke aiki ba.

Biza ita ce ke yanke wa da yawan mu hukunci tun kafin a kai ga zancen kifi. Mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Sudan da iƙama, wato katin zama a Saudiyya, Sulobeniya sai da Shengen, kuɗinta yuro 90 tun Yunin 2024 banda na ofishin da ke karɓar takardu, ga inshorar lafiya ta yuro 30,000, ga takardar banki da ta wurin aiki, kuma layin ganawa kafin saifi cika yake tun da wuri. Bosniya bata cikin Shengen, bizarta daban ce, ita ma ba kyauta ake rabawa ba amma hanya ce ta biyu ga wanda waccan ta ƙi. Mai Shengen ta shiga da yawa yana da rangwamen shiga Bosniya, sai dai da sharuɗɗa, a ji su daga bakin ofishin jakadanci kafin a yanki tikiti. Kar a manta da huruj wa auda, wato izinin fita da dawowa, a manhajar Absher, a kuma duba kwanakin da suka rage a iƙama. Ta fannin jirgi, da saifi ana samun mai tashi kai tsaye daga Jidda da Riyad zuwa Sarayebo, wajen awa biyar, daga nan Jajce wajen awa uku a mota, Bihac wajen biyar. Zagreb tafi kusa da Bihac nesa ba kusa ba, amma Kuroshiya ta shiga Shengen tun Janairun 2023, mara ita ya manta da wannan hanyar. Sulobeniya kuwa yawanci sai ka yada zango a Istanbul ka sauka Lubliyana, ko ka sauka Benis ta Italiya ka hau mota. In ka biyo ta kan dutsen Vrsic, mita 1,611, kwana 50 ne cur a hanyar, fursunonin yaƙi 'yan Rasha suka fasa ta a yaƙin duniya na farko, kyau kam ba a magana amma mai yaran da mota ke juya wa ciki ya zaga ta Tolmin.

Ci da sallah da zaman iyali, nan ma kar a yi saurin cewa ai Bosniya ƙasar Musulmi ce komai halas. Ba ko'ina ba. Bihac, Kulen Vakuf, Kljuc, nan Musulmi ne suka fi yawa, kiran sallah kana ji daga cikin kogi, cevapi da burek ka ci hankali kwance, sun kuma saba da baƙi daga ƙasashen Larabawan Halij, mace da abaya ba abin kallo bace. Amma Ribnik da Shipovo suna ɓangaren Sabiyawa ne, Kiristoci, mutanen kirki masu karɓar baƙo, sai dai naman alade na cikin girkinsu, dole ka tambaya. Dabarar da nafi ba mutane ita ce a sauka a Kljuc ko kusa, tunda tsakaninsa da Ribnik 'yar tafiya ce a mota, kai ka wuce kogi da safe, iyali su samu gari mai masallaci da kasuwa. In ranar hutun fatsa ce a kai su magangarar ruwan Jajce da ke tsakiyar gari ko Strbacki buk a Una. A kwarin Soca kuwa masallaci sai Lubliyana, wanda aka buɗe a 2020, tafiyar wajen awa biyu, nama kuma alade ne a gaba, har girkin dankali da cuku sai ka tambaya ko da kitsensa aka soya, yawanci kifi da cuku da taliya mutum zai ta ci. Abin kallo dai akwai, gidan tarihin Kobarid na yaƙin da aka gwabza a bakin kogin daga 1915 zuwa 1917 ya cancanci rabin wuni.

Wani abu da ba a faɗa wa mutum, a ƙarshen Yuni rana bata faɗuwa sai wajen tara saura na dare, asuba kuma tun wajen uku, tashin ƙwarin yamma da kowa ke jira kuma daidai magariba yake kamawa. Kayi alwala kafin ka zura wandon ruwa, ka saka 'yar darduma a jakar baya, matafiyi ne kai kana da sauƙin kasaru. Sannan gargaɗi ɗaya na Bosniya wanda ba wasa a ciki, har yanzu akwai nakiyoyin da aka binne a yaƙin 1992 zuwa 1995 a wasu dazuzzuka, jan allo mai hoton ƙoƙon kai in ka gani ka juya, kar ka yanke ta cikin daji don neman gajeriyar hanya zuwa ruwa, kar a bar yara su shiga kangon gida, a bi inda sawun mutane yake.

Masu cewa su dama Zell am See zasu kai iyali, a Ostiriya, ko za a haɗa da fatsar a can? Za a iya, Alps ce ta gaske, ƙoramun saman Krimml suna da kyau matuƙa. Sai dai Salzach da wasu rassanta daga daskararriyar ƙanƙarar kan duwatsu suke sha, a tsakiyar zafi da rana ta take sai ruwan ya koma fari, kamun safe ne. Yawancin ruwan kuma na masu shi ne, sai da katin baƙo na hukuma da izinin mai wurin, tsada kuma ta fi ta Soca ko su yi kunnen doki. Wuni ɗaya don ɗanɗano ya isa, ba wurin koyo bane.

Kaya kuma dan Allah kar a je shagunan fatsa na Jidda a kwaso sanda da makina na teku, ba zasu yi aiki ba ko kaɗan. Abin da ake buƙata sanda mai ƙafa 9 lamba 4 ko 5, ita kaɗai ta isa Ribnik da Pliva da yawancin Soca, sai mai farautar babban marmorata ne zai nemi lamba 7 ko 8. A tafiyar farko ma ni shawarata kar ka sayi komai sai tabarau mai kashe ƙyallin ruwa, da hula, da rigar ruwan sama, da doguwar safa mai kauri don sanyin ruwan nan ƙafar da ta saba da Bahar Maliya bata san shi ba. Sanda da wandon ruwa da takalmi ɗan jagora zai baka haya, ka aika masa lambar takalminka tun kana nan, ƙudan kuma ka saya a bakin kogin wajen masu ɗaurawa da hannu, su suka san abin da ke tashi a satin. Ka ɗauki ɗan jagora kwana biyun farko ko da zai ci maka rabin kasafi, in ba haka ba lasisi kawai zaka ta biya kana warware zare daga reshen bishiya. In kuma akwai wanda ke da sandar a cikin 'yan majalisa, ka aro ta sati biyu kafin tafiya, ka cire ƙugiyar ka ɗaura ɗan ulu a bakin zaren, ka samu fili mai ciyawa bayan isha'i in gari ya huce, ka ajiye faranti a taku goma sha biyu ka ta gwada sauke ulun a ciki, nisan da ake buƙata a Ribnik bai cika wuce haka ba.